Ranar da Na Kwanta a Gurbin Mai Sakin Bam



'Yan'uwana masu leƙo wannan zaure, na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta labarin da zan ba ku yau. Ba rashin lokaci ne ya hana ni ba, abin da ke cikinsa ne bai fito da ni yadda nake so ɗalibaina su riƙa ganina ba. Amma tunda na ɗauki alkawarin cewa abin da ya taɓa zuciyata shi zan riƙa zubawa a nan, bari in sauke nauyin, ko Allah Zai sa wani ya amfana.

A shekarar 2024 Allah Ya ƙaddara mini zuwa Ingila, wani kwas na 'yan watanni a kan dabarun koyar da harshe. Na kama hayar ɗaki a gidan wani dattijo Bature wanda matarsa ta rasu, 'ya'yansa kuma kowa ya kama gabansa. Mutum ne mai kirki da kawaici. Tun da ya ji 'yan'uwana suna kirana Malam a waya shi ma ya ɗauka, da Malam yake kirana har na baro ƙasar. A falonsa akwai hoton wani saurayi cikin kakin sojan sama, ko gemu bai fara ba. Ƙanin mahaifinsa ne. Ya mutu a sararin samaniyar Jamus a 1944 yana ɗan shekara 20, yana riƙe da bindigogin wutsiyar wani jirgi mai jefa bama-bamai da ake kira Lancaster. Dattijon bai taɓa ganinsa ba, domin bayan yaƙin aka haife shi.

Wata rana da yamma ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya ce 'ya'yansa sun saya masa gurabe biyu a cikin irin wannan jirgi, ɗan da zai raka shi kuma uzuri ya taso masa. Ya ce: “Malam, ba na so in je ni kaɗai. Za ka raka ni?”

Wataƙila mai karatu bai san da wannan al'ada ba, kamar yadda ni ma ban sani ba kafin ranar. A Ingila da Kanada da Amurka akwai ƙungiyoyi da gidajen tarihi da suke tattara tsofaffin jiragen Yaƙin Duniya na Biyu, su shafe shekaru suna gyara su, sa'an nan mutane su biya kuɗi masu kauri su shiga. Kuɗin shi ake juyawa wajen kula da jiragen. Lancaster guda 7,377 aka ƙera, amma biyu kacal suka rage masu iya tashi: ɗaya na rundunar sojan saman Birtaniya, ɗayan kuma yana garin Hamilton na Kanada, kuma shi ne yake tashi da masu biya. A Amurka akwai B-17 da B-25, har da B-29, wato samfurin jirgin da ya jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima. Harkar kuwa ba ta rasa haɗari ba. Ranar 2 ga Oktoba 2019 wani B-17 da ya ɗauko masu yawon sha'awa ya faɗi a filin jirgin Bradley na jihar Connecticut, mutum 7 daga cikin 13 da ke ciki suka mutu.

Ba zan ɓoye muku ba, tambayar farko da na yi wa dattijon ita ce ko jirgin zai bar ƙasa. Ya yi dariya, ya ce a'a, namu tayar da injinansa kawai ake yi, ya zagaya a kan fili ya dawo. Sai a lokacin na sami ƙarfin halin cewa zan je.

Wurin sunansa East Kirkby, a yankin Lincolnshire, shimfiɗaɗɗiyar ƙasar noma wadda a lokacin yaƙi ta cika da sansanonin jirage masu jefa bam. Gidan tarihin da ke nan wasu manoma biyu masu kiwon kaji, wa da ƙane, Fred da Harold Panton, su suka kafa shi don tunawa da yayansu Christopher, wanda ya mutu yana da shekara 19 a farmakin da aka kai wa birnin Nuremberg a daren 30 ga Maris 1944. A wannan dare jirage 795 suka tashi, 95 ba su dawo ba, samari fiye da 500 suka hallaka kafin gari ya waye. Jirgin da 'yan'uwan suka saya an ƙera shi a Afrilun 1945, yaƙin Turai ya ƙare kafin ya kai ga zuwa Jamus. Daga baya sojan ruwan Faransa suka yi aiki da shi, ya kuma shafe shekaru yana tsaye a ƙofar wani sansani, rana da ruwa suna dukansa, kafin ya dawo hannunsu.

Mun tarar da wurin cike da iyalai. Tsofaffi a kan kujerun naɗewa, yara da alawa, shayi da kek, ga waƙoƙin zamanin yaƙi suna tashi daga lasifika. Da ba don ƙaton baƙin jirgin da ke tsaye a tsakiya ba, sai ka ce taron suna ne. A gefe akwai wani ƙaramin ɗakin ibadarsu inda aka jera sunayen mutum 848 da suka tashi daga wannan sansani ba su dawo ba. Dattijon ya shiga ya daɗe. Ni na tsaya daga waje ina jiransa.

A hancin jirgin an zana hoton wata mace mai 'yan tufafi kaɗan tana zaune a kan bam. Na kawar da kai saboda tsiraicin, sai daga baya na lura cewa bam ɗin da take zaune a kai bai sa na kawar da kai ba. Wannan ma abin lura ne game da irin tarbiyyar idanunmu.

Cikin jirgin matsattse ne, ba kamar yadda girmansa ke nunawa daga waje ba. Ba kujerun fasinja, ba rufin ado, ƙarfe ne zalla da wayoyi da warin man inji. A tsakiya akwai wani ƙaton ƙarfe da ya ratsa daga fiffike zuwa fiffike, dole sai ka haura shi kamar mai tsallake katanga kafin ka kai gaba. Mutum 7 suke aiki a cikinsa: matuƙi, injiniya, mai duba taswira, mai wayar iska, mai saita bam, da 'yan bindiga biyu, ɗaya a doron jirgin ɗaya a wutsiya. Dattijon ya nemi wutsiya, gurbin ƙanin mahaifinsa, aka ba shi. Ni kuwa rabona ya faɗa a can gaba, ƙarƙashin ƙafafun matuƙi, inda mai saita bam yake kwanciya rub da ciki yana leƙen ƙasa ta cikin gilashi.

Sai aka fara tayar da injinan ɗaya bayan ɗaya. Guda huɗu ne, ƙirar Rolls-Royce Merlin. Na farko ya yi tari, ya fesa hayaƙi, farfelarsa ta juya a hankali sa'an nan ta ɓace wa ido. Kafin na huɗu ya kama, ƙarar ta daina zama abin da kunne ke ji, ta koma abin da ƙirji da haƙora ke ji. Jirgin duka yana makyarkyata kamar ingarman da aka ja wa linzami. Da matuƙi ya saki birki muka fara tafiya, wallahi, 'yan'uwa, daɗi ne ya rufe ni. Na tsinci kaina ina washe baki kamar yaro ranar hawan sallah. Na zaro waya ina ɗauka. Har na ji a raina cewa da ma ya tashi, ni da na fara da tambayar ko zai bar ƙasa. Ni ne fa malamin da ke karantar da yara haramcin kashe rai.

Ina cikin haka idona ya sauka ƙasa ta gilashin. Ciyawa tana wucewa, can gefe bayan shinge ga 'yan kallo, wata yarinya a kafaɗar mahaifinta tana ɗaga mana hannu bibbiyu. A nan ne na tuna aikin gurbin da nake kwance. An yi wannan gilashi ne domin mutum ya dubi gari a ƙarƙashinsa, ya ce wa matuƙi ɗan yi hagu, ɗan yi dama, tsaya haka, sa'an nan ya danna wani maɓalli da babban yatsa. Bayana kaɗan, a ƙarƙashin cikin jirgin, akwai rumbun bam mai tsawon mita 10, wanda yake ɗaukar fiye da kilo 6,000. Murmushin ya bushe a fuskata, amma ban daina ɗauka da waya ba.

Bayan na dawo gida na shafe dararen da suka biyo baya ina karatu, domin in san abin da na kwanta a kansa. Abin da ya fi tsaya mini shi ne cewa mai saita bam ba ya ganin yarinya mai ɗaga hannu. Da dare suke zuwa, daga nisan kusan mita 6,000 a sama. Wasu jirage ne suke fara isa su zuba fitilu masu launin ja da kore a kan garin, shi kuma aikinsa ya daidaita na'urarsa a kan launin. Kayan da suke ɗauka ma an yi musu lissafi. Akwai ƙaton bam mai nauyin kusan kilo 1,800 wanda aikinsa ya yaye rufin gidaje ya farfasa tagogi, sai dubban ƙananan sandunan wuta, kowace ba ta kai kilo 2 ba, su faɗa cikin gidajen da aka buɗe. Idan gobarori suka haɗu suka zama ɗaya, zazzafar iska takan yi sama, sabuwa ta kwararo daga kowane gefe da ƙarfin guguwa tana hura wutar, har waɗanda suka ɓuya a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa su rasa abin shaƙa. Haka ta faru a Hamburg a ƙarshen Yulin 1943, inda aka rasa kimanin mutum 40,000. Haka ta faru a Dresden a tsakiyar Fabrairun 1945, inda kwamitin masana tarihi da birnin ya kafa ya ce a 2010 adadin ya kai har 25,000. Rukunin da sansanin East Kirkby yake ƙarƙashinsa shi ya kai zangon farko na farmakin Dresden. Haka kuma B-29 suka yi wa Tokiyo a daren 9 ga Maris 1945, mutum tsakanin 80,000 da 100,000 a dare guda. Kuma ba kuskuren saiti ba ne. Tun Fabrairun 1942 aka ba rundunar umarni a rubuce cewa ta auna unguwannin birane domin karya zuciyar ma'aikata da iyalansu.

Duk ɗalibin da ya karanta babin jihadi a littattafan fiƙihu ya san inda zuciyata ta tafi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa an tsinci gawar wata mace a ɗaya daga cikin yaƙoƙi, sai Manzon Allah (SAW) ya yi inkarin haka, ya hana kashe mata da yara. Ya kuma hana azabtarwa da wuta, domin wannan na Ubangijin wuta ne Shi kaɗai, har Abu Dawud ya kawo cewa ya yi wa sahabbai faɗa a kan ƙona gidan tururuwa. Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa ya kawo wasiyyar Sayyidina Abubakar ga Yazidu ɗan Abu Sufyan lokacin da ya tura shi Sham: kada a kashe mace ko yaro ko tsoho tukuf, kada a sare itace mai 'ya'ya, kada a rushe wurin da ake zaune. Na san malamai sun tattauna batun majanik, wato majajjawar da ake jifan ganuwa da ita, da harin dare inda ba a iya bambance mayaƙi da iyalinsa, kuma akwai rangwame a maganarsu. Amma rangwamen yana kan wanda aka samu ba da nufi ba. Ban taɓa cin karo da malamin da ya ce a mayar da gidajen talakawa su ne abin nufi ba.

A nan ne shaiɗan ya so ya ba ni wata mafita mai sauƙi, wato in ce ai wannan halin Turawa ne, mu addininmu ya tsarkake mu. Hujjoji ma suna nan a hannu. Bam na farko da aka taɓa jefawa daga jirgin sama a kan ƙasar Musulmi ya sauka, a kusa da Tarabulus ta Libiya, ranar 1 ga Nuwamba 1911, daga hannun wani sojan Italiya mai suna Giulio Gavotti. Shi kansa Arthur Harris, kwamandan da ya jagoranci ƙona biranen Jamus, ya yi aiki a Iraƙi a shekarun 1920, lokacin da Birtaniya take ladabtar da ƙauyuka daga sama. To amma wa ya yi ruwan bama-bamai a kan Halab? Wa ya yi a kan Yaman, wa ya yi a kan kasuwannin Sudan? Akwai masu salla cikin waɗanda suka danna maɓallin. Mu ma a gida mun ga Rann ta jihar Borno ranar 17 ga Janairu 2017, inda jirgin soja ya saki bam a sansanin 'yan gudun hijira aka rasa aƙalla mutum 90, mun ga Tudun Biri ta jihar Kaduna a daren 3 ga Disamba 2023, inda jirgi marar matuƙi ya faɗa wa masu taron Maulidi aka binne aƙalla 85. A duka biyun hukuma ta amsa cewa kuskure ne. Samun dokar a littafi bai hana kowa ba, idan daga nesa yake kallo. Ni da na haddace hadisan, ƙarar inji huɗu ta mantar da ni su na ɗan lokaci.

Adalci kuma ya wajaba ko a kan wanda ba ka tare da shi. Gwamnatin Hitler ita ta kunna yaƙin, ta yi wa Yahudawa miliyan 6 kisan gilla, jiragenta kuma sun kashe fararen hula fiye da 40,000 a Landan da Coventry da sauran biranen Birtaniya kafin Lancaster ya fara aiki. Dakatar da ita wajibi ne a kan duk mai hankali. Samarin da aka zuba a waɗannan jirage kuwa ba su suka tsara dabarar ba. Daga cikin kimanin 125,000 da suka yi aikin, 55,573 sun mutu, yawancinsu sa'o'in ɗaliban ajina na manya. Ƙofar tsira da ke ƙarƙashin inda na kwanta ƙarama ce ƙwarai ga mai sanye da laimar sauka, kuma masanin lissafi Freeman Dyson, wanda ya yi aiki a rundunar, ya nuna cewa kusan 15 cikin 100 ne kawai suke iya fita idan an harbo Lancaster. Sa'an nan a cikinsu ma an sami mai faɗin gaskiya. Wani babban limamin Kirista, George Bell na Chichester, ya miƙe a majalisar dattawansu a Fabrairun 1944, yaƙi yana tsakiyar ci, ya ƙalubalanci ƙona birane. Na ji kunya da na auna ko ni zan iya irin wannan a kan minbari, a lokacin da jama'ata ba sa son ji.

Na san wani zai aiko da tambaya: Malam, shiga irin wannan jirgi halal ne ko haram? Ni ba mai fatawa ba ne, kuma ban ga dalilin haramta kallon ƙarfe ba. Allah Ya ambaci ƙarfe a aya ta 25 ta Suratul Hadid, Ya haɗa masa siffa biyu, tsananin ƙarfi na yaƙi da kuma amfani ga mutane. A wurare da dama kuma Alƙur'ani ya yi umarni da a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi ƙarshen waɗanda suka gabata. Abin da ya dame ni shi ne halin da ake shiga da shi. A kan hanyar Tabuka, a shekara ta 9 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya bi ta Hijru, kufan Samudawa, ya hana sahabbai shiga sai dai idan suna kuka, ya lulluɓe kansa ya sa taguwarsa ta yi sauri har ya wuce kwarin. Ba ina cewa filin Lincolnshire ƙasar azaba ba ce, hukuncin Hijru na Hijru ne. Ladabin kawai na ɗauka, cewa akwai wuraren da ba a shiga da washe baki. Dattijon ya shiga da nasa kukan. Ni ne na shiga da waya.

A mota, muna komawa, na kasa yin shiru. Na gaya masa abin da na ji, da daɗin da kuma yarinyar. Na yi tsammanin zai ɓata rai, tunda jininsa ne a hoton. Ya daɗe bai ce komai ba, yana kallon hanya. Can ya ce: “Malam, kai ka kwanta inda ake ganin garin kafin a ƙona shi. Ni na zauna inda ake ganinsa bayan an ƙona. Mai bindigar wutsiya baya yake fuskanta. Duk sauran suna kallon hanyar gida, shi kaɗai yake kallon wutar har ta ɓace. Shekara da shekaru ina tunanin yadda ya mutu, yau ne na fara tunanin abin da ya gani.” Ban sami abin da zan ce masa ba. Na yi masa addu'ar shiriya a zuciyata, kamar yadda na saba, muka ci gaba da tafiya.

Da na dawo gida, yaran ajina na yamma suka matsa sai na nuna musu abin da na gani a Turai. Na nuna musu hotunan masallatai da jirgin ƙasa da ɗakin karatu. Sai wani ya hango bidiyon jirgin ya ce a kunna. Na kunna, na ma ƙara murya domin su ji yadda injinan suke ruri. Suka yanyame ni suna sowa. Ban ankara ba sai da na ɗaga kai na ga gurbin wani yaro babu kowa, allonsa da takalmansa suna nan. Ɗan shekara 9 ne, iyayensa sun yi gudun hijira daga ƙauyensu suka sauka a unguwarmu, bai cika magana ba. Na same shi a bayan randar alwala, ya tsuguna ya cusa kansa tsakanin gwiwoyinsa, ya toshe kunnuwansa da hannu bibbiyu.

Na kashe wayar na tsuguna kusa da shi. Na ce: “Tashi, ɗana, ba komai. Tsohon jirgi ne, ba ya ma tashi.”

Bai ɗago ba. Ya ce: “Malam, ya wuce?”

Na ce masa ya wuce. Muka zauna a nan ni da shi har aka kira sallar La'asar.